Ƙarfin doki a takarda, haƙuri a hanyar Kuseri

Masu ƙera motocin gudu sun riga sun yanke hukunci, kuma turbo suka zaɓa, wato na'urar da ke tura iska cikin inji domin ƙara masa ƙarfi. A 2014 BMW ta cire injin V8, wato mai silinda 8, mai girman lita 4.0 daga motarta M3, ta sa mai silinda 6, lita 3.0, da turbo biyu. Da shekara ta zagayo Ferrari ta sallami 458 Italia mai lita 4.5, wadda injinta ke shaƙar iska da kansa yana juyi har sau 9,000 a minti, ta fito da 488 GTB mai lita 3.9 da turbo biyu, ƙarfi ya tashi daga doki 570 zuwa 670. Porsche ta bi sahu da 911 Carrera a daidai wannan lokaci. Mercedes ce ta kai abin maƙura. C63 da aka sani da V8 mai lita 6.2 ta koma lita 4.0 da turbo, daga baya kuma ta koma silinda 4 kacal, lita 2.0, da turbo da batir, amma a takarda ƙarfinta doki 680 ne.

Mai karatu a Garwa ko Marwa ko Njamena yana iya cewa ina ruwanmu da Ferrari, mu da ko kwaltar Mora zuwa Kuseri ba mu gama samu ba. Muna da ruwa, har da tsaki. Abin da aka fara a motar gudu shi ke sauka cikin motar kowa bayan 'yan shekaru, kuma ya riga ya sauka. A 2021 Toyota ta fito da Land Cruiser 300 ba tare da V8 ba, ta sa V6 mai turbo biyu, na fetur lita 3.5, na gas lita 3.3. Wannan ita ce motar manyanmu, ita ce ta masu ayyukan agaji, ita ce ta duk wanda Allah ya hore masa kuma yake da tafiyar daji. Ƙananan motocin da ake sauke mana a tashar Duwala ma haka ne, yawancin na Turai da aka ƙera daga 2010 zuwa yau da turbo suke zuwa. Wani rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da motocin hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Duk abin da injiniya ya zana a Jamus, mu ne za mu ƙarasa zama da shi a tsufansa.

Ni ina bayan babban inji mai shaƙar iska da kansa. Turawan da ke kare shi galibi daɗin ƙararsa suke kuka da rasawa, kuma na fahimce su. Dalilina ya fi wannan nauyi: a ƙasar da zafi ke haura digiri 40 watanni a jere, ƙura ke shiga ko'ina, fetur kuma ba ka da tabbacin abin da aka zuba maka, injin da ya fi amfani shi ne wanda ke da sauran haƙuri a jikinsa idan an yi masa laifi. Ƙaramin inji mai turbo ba shi da wannan sauran, domin an riga an kashe shi wajen neman ƙarfi.

Ba na raina turbo, kuma wanda ya raina shi bai san aikinsa ba. Inji yana samun ƙarfi ne gwargwadon iskar da ya haɗiya ya ƙona mai da ita. Hanyar dā ita ce a faɗaɗa cikinsa, a ƙara silinda, ko a sa shi ya yi juyi da sauri. Turbo ya zo da wata dabara. Hayaƙin da ke fita ta salansa, wanda dā asara ne, shi ake karkatarwa ya juya wata 'yar fanka, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke ɗaya ƙarshen sanda ɗaya, wadda ke tura iska cikin inji da ƙarfin tsiya. Kamar zugazugin maƙeri ne: gawayin bai ƙaru ba, murhun bai ƙaru ba, amma wutar ta ninka zafi. Wani injiniyan Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan fasaha tun 1905. Ta daɗe tana aiki a jiragen ruwa da na sama da manyan injunan gas kafin ta shiga ƙaramar mota a Amurka a 1962, sannan Porsche ta fito da 911 Turbo a 1975. Renault ta kai turbo tseren Formula 1 a 1977, ana yi mata dariya saboda yawan fashewar injinta, sai ga Jean-Pierre Jabouille ya ci tseren Faransa da ita a 1979. Kafin a ankara turbo ya mamaye tseren har aka haramta shi daga 1989, bai dawo ba sai 2014.

Akwai ma wurin da turbo ke nuna fifikonsa a ƙasarmu ƙarara. Garwa ba ta kai mita 300 daga doron teku ba, Ngaundere kuwa tana wajen mita 1,100. Iska tana raguwa da tsawo, kuma injin da ke shaƙa da kansa yana rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 100. Duk direban da ya taɓa hawan Falez, wato dutsen da ke bayan Mbe a hanyar Ngaundere, da tsohuwar mota cike da kaya ya san abin a ƙafarsa: ka taka totur har ƙasa, motar tana nishi, ka sauke giya, ka sake saukewa, allurar zafi tana ɗagawa a hankali. Mai turbo yana cike wannan giɓin, ya wuce ka kamar a shimfiɗe yake tafiya. Manyan tirelolin da ke jigila tsakanin Duwala da Njamena ma duk da turbo suke aiki, kuma suna cin dubban ɗaruruwan kilomita.

Sai dai a lura da irin turbon tirela. Injinta lita 11 ne ko 12 ko 13, gas yake sha, juyinsa ba ya cika wuce 2,000 a minti, hayaƙinsa bai kai na fetur zafi ba, kuma an gina shi da kauri domin nauyi. Turbo a wurin ƙari ne kan jikin da dama yake da faɗi. Rigimata da ɗaya salon ne, wato a rage inji sannan a matse shi ya ba da ƙarfin wanda ya ninka shi girma. A duba lissafin. Tsohon injin gas na Land Cruiser, 1HZ mai lita 4.2 da aka fara ƙerawa a 1990, doki kusan 130 yake bayarwa, wato wajen 31 daga kowace lita. V8 mai lita 5.7 yana ba da kusan 380, wajen 67 a lita. Sabon V6 mai turbo biyu yana ba da 415, wajen 120 a lita. Silinda 4 ɗin da ke cikin C63 yana ba da 476 shi kaɗai kafin batir ya sa hannu, wato ya haura 230 a lita. Kowane doki da aka ƙara a lita ɗaya ƙarin zafi ne da ƙarin matsi kan fistin da ringi da gasket da boris. Injiniyoyi sun san haka, sun kuma tanadi ƙarfe da mai da na'urorin da za su ɗauka, amma da sharaɗi: fetur mai kyau, baƙin mai na gaske, juye a kan lokaci, iska mai tsabta. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba mu da tabbacinsa.

Ya kamata kuma a san abin da ya kai kamfanoni ga wannan hanya, domin ba direbobi ne suka roƙa ba. Tarayyar Turai ta sa doka cewa matsakaicin hayaƙin kabon na motocin kowane kamfani kada ya wuce giram 130 a kilomita zuwa 2015, sannan giram 95 zuwa 2021, wanda ya wuce ya biya tara mai nauyi. Sin tana ɗora haraji bisa girman inji, har kashi 40 cikin 100 ga wanda ya haura lita 4, shi ya sa za ka ga manyan injunan yanzu suna tsayawa a 3.9 ko ƙasa da 4.0 da ɗan kaɗan. Abin ba sabo ba ne. Tun 1982 Ferrari ta ƙera 208 Turbo mai lita 2 domin Italiya tana tsananta haraji kan abin da ya wuce hakan. Gwajin da Turai ke auna shan mai da shi a dā, NEDC, a ɗaki ake yinsa, cikin yanayi tsakanin digiri 20 da 30, da taka totur a hankali, matsakaicin gudu bai kai kilomita 35 a awa ba. A irin wannan tafiya turbo kusan barci yake, injin yana sha kamar ƙaramin da yake. An canja gwajin zuwa WLTP daga 2017 saboda kowa ya ga bai yi kama da hanya ba.

Ka ɗauki wannan motar ka cika ta da mutum 7 da buhuna, ka kunna sanyi, ka shiga yashi a watan Afrilu. Turbo zai farka ya zauna a farke. Iska mai yawa tana buƙatar mai mai yawa, kuma injin fetur mai turbo idan ya ɗau zafi yakan ƙara zuba fetur fiye da wanda zai ƙona, domin kawai ya sanyaya kansa. Tattalin man da aka yi maka alkawari a takarda sai ya ragu, wani lokaci ya ɓace. Ba na cewa babban inji ba ya shan mai. Yana sha, kuma da litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta sake tashi zuwa 840 a Fabrairun 2024, duk mai V8 ya ji a aljihunsa. Amma tazarar da ke tsakaninsu a hanyarmu ba ta kai wadda dillali ke karanto maka ba.

Zafi kansa magana ce. Iska idan an matse ta zafi take yi, shi ya sa ake bi da ita ta wani lagireto na musamman kafin ta shiga inji. Wannan lagireton da iskar waje yake sanyayawa, kuma ba zai iya sauke ta ƙasa da zafin wajen ba. A Kuseri ko Njamena da rana tsaka a bazara, iskar wajen kanta ta haura 40. Ƙwaƙwalwar motar tana gani, sai ta rage turin turbo ta ja lokacin tartsatsi baya domin kare inji. Dokin da ka biya kuɗinsa ba duka ke fitowa ba. Babban inji ma yana jin zafi, amma ba ya dogara da matsattsiyar iska, don haka asararsa ba ta kai haka ba.

Ƙura kuwa ba sai an gaya wa kowa ba. Kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, masana sun ce babu wurin da ya fi shi tayar da ƙura a duniya, kuma hunturu yana kwaso ta ya sauke mana a kan gado da kwanon abinci. Na tsaya a wani gareji a nan Garwa ana kwance turbon wata motar Turai da ba ta daɗe da shigowa ba. Bakaniken ya shimfiɗa kwali ya ajiye shi. Fankar da ke jan iska ba ta fi tafin hannun yaro ba, fukafukanta sirara kamar ba ƙarfe ba, bakinsu duk ya cinye ya yi kaushi. Ya kama tsakiyar sandar da yatsu biyu ya girgiza, tana motsi gefe da gefe har tana taɓa bango. Ya leƙa bututun da ke kawo baƙin mai, ya sa waya ya sokaro wani baƙin abu mai tauri, man da ya ƙone ya daskare a ciki. Sannan ya zaro matatar iska. An sha buga ta a jikin taya ana hura mata iska maimakon a sake ta, har takardar ta tsage a lungu ɗaya. Mai motar ya tambaya ko za a iya gyarawa. Bakaniken ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, wannan ba ya gyaruwa a nan. Sai dai mu aika Duwala ko Kano a nemo wani, kuma wanda za a kawo ma na hannu ne, ba mu san abin da ya gani ba."

Wannan 'yar fankar tana juyi fiye da sau 150,000 a minti, wasu ƙanana suna haura 200,000, ɗaya gefen kuma yana cikin hayaƙin da zafinsa ke kusantar digiri 1,000. Abin da ke tsakanin sandar da mazauninta ɗan siririn baƙin mai ne kawai. Ƙwayar yashi da babban inji zai haɗiye ya yi shekaru yana tafiya da ita, a nan tana cin ƙarfe. Man jabu da aka ɗura a galan mai kyan tambari, wanda tsohon inji zai jure har juye na gaba, a nan yana ƙonewa ya toshe hanya. Kuma dabi'armu ta tuƙi ba ta taimakawa: mutum ya taho a guje daga Marwa, ya tsaya a bakin masallaci ya kashe mota nan take, man da ke cikin turbo ya tsaya cik yana dahuwa. Sababbin motoci suna da famfon lantarki da ke ci gaba da zagaya ruwa bayan an kashe, amma wanda ya sayi mota mai shekara 12 bai san ko nasa yana aiki ba.

Fetur shi ne babban ciwon. Kowa a arewacin Kamaru ya san zuwa-zuwa, man da ake shigowa da shi daga Nijeriya ana sayarwa a kwalabe da jarkoki a bakin titi. Shekara da shekaru shi ya riƙe babura da motocin yankin nan, kuma ko bayan da Shugaba Tinubu ya janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 sana'ar ba ta mutu ba, domin akwai garuruwan da gidan mai ya yi musu nisa. Ba na zargin yaron da ke zaune a rana da kwalabensa, abincinsa yake nema. Amma man da ya bi ta jarka bayan jarka, ya sha rana, wani lokaci ya haɗu da ruwa ko kananzir, babu mai iya gaya maka lambar oktan ɗinsa, wato ma'aunin yadda fetur ke jure matsi ba tare da ya kama da kansa ba. Yawancin injunan Turai masu turbo 95 suke so, masu gudu sosai 98. Idan man ya gaza, yakan kama da kansa kafin fulogi ya ba shi wuta, ya daki kan fistin tun yana hawa. Na'urar da ke sauraron wannan ƙwanƙwasa tana iya kare inji zuwa wani mataki, bayan nan sai fistin ya tsage ko ringi ya karye. Ƙananan injuna masu turbo da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda suna da wata cutar ta daban, kamawar wuta kafin lokaci idan ana tafiya a hankali aka taka da ƙarfi, har sai da aka fito da sabon ma'aunin baƙin mai dominta, API SN Plus a 2018, sannan SP a 2020. Mutum nawa ne ke duba waɗannan haruffa a jikin galan a kasuwarmu? Famfo da nozul ɗin irin waɗannan injuna kuma suna aiki da matsin da ya ninka na iskar waje sau 200 ko fiye, ɗigon ruwa ko tsaki ya ishe su.

Kada a ɗora wa bakanikenmu laifi. Mutumin da ya koyi aiki tun yana yaro a ƙarƙashin bishiya, yana gane ciwon inji da kunne, yana iya kwance 1HZ ya mayar da shi a ƙauyen da babu lantarki, gwani ne. Abin da aka kawo masa yanzu yana buƙatar kwamfutar bincike, da takardun kamfani da ba a ba shi ba, da kayan gyaran da ba a ajiye a garinsa. Idan fitilar inji ta kama, sai a shiga canje-canje da ka, a sake wannan a sake wancan, mai mota yana biya, har wani ya ba da shawarar a toshe na'urar da ke kuka. Daga nan injin ya rasa mai tsaronsa.

Mutanen Chadi sun fi kowa sanin darajar mota mai sauƙin ciki. A 1987, a Fada da Wadi Dum, sojojinsu sun fuskanci tankokin Libiya a kan motocin Toyota a-kori-kura, har duniya ta sa wa yaƙin sunan kamfanin. Ba gudu a kwalta ne ya ba waɗannan motoci suna ba. Sun iya tafiya inda babu gareji, kuma wanda ke tuƙa su ya iya gyara su. Ita kanta Toyota ta san wannan bambanci. Ta ci gaba da sayar da Land Cruiser 70 mai 1HZ a Afirka shekaru da yawa bayan Turai ta rufe masa ƙofa, kuma ko sabuwar 300 ɗin tana ba da ita da V6 mai lita 4.0 marar turbo a wasu kasuwanni, irin na ƙasashen Larabawa. Kamfanin da ya yarda turbo ya dace da ko'ina ba zai wahalar da kansa da haka ba.

A can saman kasuwa ma babban inji bai mutu ba, kuma inda ya rage abin lura ne. Porsche ta bar 911 GT3 da lita 4.0 marar turbo mai juyi 9,000. Ta sa silinda 4 mai turbo a motarta 718 a shekarar 2016, masu saye suka yi ta ƙorafi, ta dawo musu da silinda 6 mai lita 4.0 a 2019. Chevrolet ta ƙera wa Corvette Z06 injin V8 mai lita 5.5 da ke ba da doki 670 ba turbo. Lamborghini ta riƙe V12 a Revuelto a 2023 ta haɗa shi da batir, Ferrari ta fito da 12Cilindri mai lita 6.5 a 2024. Masu sayen waɗannan suna neman abu ɗaya: ƙafa ta taɓa, inji ya amsa nan take, daidai gwargwadon abin da aka taka. Turbo sai hayaƙi ya taru kafin ya tura, kuma duk da an rage wannan jinkiri ƙwarai, bai tafi gaba ɗaya ba. Wanda ya taɓa lallaɓa mota a laka da damina a hanyar Yagwa ya san amfanin ƙarfin da ke zuwa daidai yadda ka nema, domin wanda ya zo a dunƙule tayar kawai zai juya ya binne ka. Amma in faɗi gaskiya, waɗannan injunan gudu ba su ne nake karewa ba. Injin da ke juyi 9,000 shi ma a matse yake, shi ma ba zai sha zuwa-zuwa ya yafe ba. Wanda nake nufi shi ne mai faɗin ciki da ba a tilasta masa ba.

Akwai hujja ɗaya da ke damuna, kuma ba zan tsallake ta ba. Mu ne muke ganin Tafkin Chadi da idonmu, mu ne damina ke yi wa gardama, don haka maganar hayaƙi ba ta Turawa kaɗai ba ce. Babban inji yana ƙona mai da yawa a cikin gari, wannan gaskiya ne. Wanda zirga-zirgarsa daga gida zuwa kasuwa ne bai buƙaci lita 5.7 ba, ƙaramar mota marar turbo mai lita 1.6 ko 1.8 ta ishe shi, kuma ita ce ta fi kowace daɗewa a hannunmu. Amma turbon da ya fara zubar da baƙin mai cikin salansa yana tafe yana turnuƙe unguwa da shuɗin hayaƙi, da matatar hayaƙin da aka fasa aka cire domin ta toshe, da motar da aka jingine tana da sauran jiki saboda injinta ya buga, babu wanda ya amfani muhalli a cikinsu. Tsabtar da aka auna a ɗakin gwaji tana tafiya ne tare da man da aka yi gwajin da shi.

Abin da ya rage shi ne zaɓin yana ƙarewa. Nan da 'yan shekaru motar hannu marar turbo za ta yi wuyar samu, ko muna so ko ba ma so, kuma a nan ne maganar ta tashi daga gareji ta koma teburin hukuma. Tun da matatar SONARA ta Limbe ta yi gobara a ranar 31 ga Mayun 2019, Kamaru shigo da tataccen mai take yi. Mai shigowa da kaya yana da ikon faɗin irin wanda yake so, don haka a ɗaga ma'aunin, a kuma riƙa ɗibar samfur a gidajen mai na Garwa da Marwa da Kuseri ana gwadawa ana sanar da jama'a sakamakon. Chadi tana da matatarta a Jarmaya tun 2011, ita ma hakan ya shafe ta. Ya kamata hukumar ma'auni ta Kamaru, ANOR, ta shiga kasuwar baƙin mai da matatun iska, domin galan ɗaya na jabu yana iya kashe injin miliyoyi. Jami'o'in Ngaundere da Marwa suna da makarantun injiniya, garuruwanmu suna da makarantun fasaha; a buɗe gajerun kwasa-kwasai da yamma ga bakaniken da ke aiki, da Hausa da Fulatanci da Larabcin Shuwa, a koya musu karanta kwamfutar bincike, ba sai wanda ya iya Faransanci ba. Haraji ma a sake duba shi. Muddin girman inji ake kallo wajen kwastan da takardun mota, ana tura talaka ne ga ƙaramin inji mai turbo da ya riga ya tsufa, alhali lafiyar motar da hayaƙin da take fitarwa a zahiri su ya kamata a auna.

Wanda kuma ya riga ya saya, ko ya ga ba makawa sai mai turbo, ya nemi tarihin juyen motar kafin ya biya, ya sa a cire tiyon iska a duba ko akwai mai a ciki, a taɓa sandar a ji ko tana wasa. Ya rage tazarar juye ƙasa da abin da littafin motar ya ce, domin littafin ba don ƙurarmu aka rubuta shi ba. Matatar iska a sake ta, kada a buge ta. Ya sha mai a gidan man da ya amince da shi ko da layi ya yi tsawo, in tafiyar daji ce ya ɗauki nasa a jarka mai tsabta. In ya taho daga nesa ya bar injin ya yi minti 1 ko 2 yana aiki a tsaye kafin ya murɗa makulli.